Shekarar da Baba Toma Ya Koyi Yin Shiru

Mahaifina, Baba Toma, ya haura tamanin, kuma sai a 'yan shekarun nan uku na fara jin daɗin zama kusa da shi. Ba na jin nauyin faɗar haka, don shi ma ya sani. Ni ce Rahab, autarsa, malamar firamare a Malumfashi. Gidanmu na gado yana wata 'yar unguwa bayan Ƙarfi, gidajen Kirista goma sha wani abu da coci mai rufin kwano, gonaki sun kewaye mu ta ko'ina. Duk wanda ya san unguwar ya san Baba, kuma yawanci muryarsa suka fara sani kafin fuskarsa.

Waɗanda suka yi samartaka da shi suna ba da labarin wani mutum da ni ban taɓa gani ba. Wai Toma mai barkwanci ne, shi ke kaɗa ganga a coci, ba ya iya zama wuri ɗaya. Da rani ya yi sai ya sulale Funtua ya yi dakon auduga, ya dawo da sabon wando da rediyo a kafaɗa, yana yi wa kakanmu Maiwada gardama a kan komai. A lokacin gandu ake yi sosai. Uba da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Uba ne mai cewa a shuka, shi ne mai cewa a girbe, shi kaɗai ke hawa rumbu ya fito da damin da za a ci. Abin da ɗa ya mallaka shi ne 'yar gayaunarsa, wadda yake nomawa da yamma in an tashi daga gandu. Mahaifiyarmu, Inna Atu, ta ce a farkon aurensu babu makon da Baba ba ya cika baki cewa in ya haifi nasa 'ya'yan ba zai ɗaure su haka ba.

Sai kaka ya rasu Baba yana da shekara ashirin da tara, a shekarar da fari ya ƙone dawa a tsaye. Ƙanne shida, tsofaffi mata biyu, da rumbun da bai kai rabi ba, duk suka faɗo kansa rana ɗaya. Ya fid da gidan daga yunwar ba tare da an binne kowa ba, wannan kam ba mai ƙwace masa. Amma tun daga shekarar ya rataye ganga bai sake taɓa ta ba. Dariyar ma ta tafi, tsoro ya maye gurbinta, ko da yake da a ce wani ya kira abin tsoro a gabansa da ya sha mari.

Wannan mutumin ni na taso na tarar. Kullum da sassafe yana kan kujerarsa a ƙofar zaure, hula a ka, kowa ya zo ya durƙusa ya karɓi aikin ranar. Wane ya tafi da shanu huɗa, wane ya kai taki gonar tudu, mata su sussuke dami kaza. Ba ya shawara da kowa. In an yi ruwa sai ya zaga bayan gida ya tura hannunsa cikin ƙasa, ya dawo ya ce a shuka ko kada a shuka, magana ta ƙare. Abin haushin shi ne kusan kullum yana da gaskiya. Da yana kuskure ko sau ɗaya a shekara, da mun samu ta inda za mu kama shi. Maƙwabta ma sai su laɓe su ga ko gidan Toma sun fita da sungumi kafin su fito da nasu.

Mu biyar ya haifa, maza uku. Biyu sun gudu, ɗaya aikin soja, ɗaya tuƙin mota a Kaduna, kuma ban ga laifinsu ba. Ni makaranta ta cece ni. Wanda ya zauna shi ne babban wanmu, Job. Yaya Job mutum ne mai sanyin hali da ƙarfin jiki, in ya kama garma kunyar huɗarsa miƙewa take kamar an ja zare. Ya yi aure, matarsa Lilian ta haifa masa biyar, furfura ta fito masa a gemu, amma kullum safiya ta Allah yana durƙushe gaban kujerar nan da tambaya ɗaya: "Baba, yau ina muka nufa?"

Ni na gaji bakin Baba, shi ya sa ba ma shan inuwa ɗaya. Na sha tayar masa da maganar.

"Baba, Yaya Job fa ya wuce arba'in. Ka sakar masa gonar nan mana."

"Ke da kika san alli, me kika sani a noma? In na sakar masa ya kashe mu da yunwa, ke za ki ciyar da gidan?"

"Kai da aka sakar maka, shekararka nawa?"

"Ni ba sakar mini aka yi ba, faɗo mini ta yi. Tashi ki ba ni wuri."

Haka muke rabuwa, ni in hau mota ina huci har Malumfashi. Na yi shekaru ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin Yaya Job da ba ya jin haushin komai.

Rasuwar Inna ce ta fara taɓa shi, yana da saba'in da 'yan kai. Mutumin da jikoki ke ɓuya in sun ji tarinsa, sai ga shi yana ajiye musu rake. A coci in zumuntar mata suka tayar da waƙar da Inna ke so, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Ya fara maimaita labari ɗaya sau uku, ya fara son shayi mai zaƙi. Na ɗauka laushin zai kai ga gona, ashe na yaudari kaina. Ta wajen rumbu sai ma ya ƙara damƙewa. Yanzu na gane cewa shi kaɗai ya rage masa a hannu, amma a lokacin taurin kai kawai na gani. Tsoho ɗan saba'in da takwas yana hawa tsani ya leƙa rumbu, ƙato ɗan hamsin yana ƙasa yana riƙe masa tsanin.

Daga kan tsanin nan ya faɗo, shekara uku ke nan, ana gab da faɗuwar damina. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka kwantar da shi asibiti a Malumfashi mako biyar, ni ce mai jinya tunda gidana ya fi kusa. Kowace safiya Yaya Job sai ya hau babur tun daga Ƙarfi ya zo, ya durƙusa gaban gadon, ya gaishe shi, ya tambayi aikin ranar. A huɗe gonar gabas ko ta yamma? A kai shanu rafi kafin aiki ko bayan aiki? Takin da ya rage a zuba wa masara ko dawa? Baba yana kwance yana ba da umarni, yana kallon sauran majinyata da gefen ido, wai su ga yadda ake tarbiyya.

Gadon da ke kusa da nasa wani tsohon tela ne daga Musawa, Malam Isah, mutum mai fara'a da yawan hira. Sun saba da Baba har suna raba goro. Wata safiya bayan Yaya Job ya fita, Malam Isah ya muskuta ya rage murya.

"Malam Toma, don Allah kada ka ji haushi. Bawan Allahn nan da ke zuwa kullum, ɗanka ne?"

"Ɗana ne. Shi ne na fari," in ji Baba, da alfahari.

"Allah sarki. Ga shi da ladabi. Haka aka haife shi, ko ciwo ya yi daga baya?"

Na miƙe zan wanke mutumin nan tas, sai na dubi fuskarsa na ga ba izgili yake ba. Tausayi ne tsantsa. Ya yi mako uku yana kallon magidanci mai furfura yana tambayar inda zai kai shanu, ya yanke a ransa cewa mai taɓin hankali ne. Baba ya kawar da kai. Ban taɓa ganin tambaya ta soke shi haka ba sai ranar.

Kamar abin bai isa ba, da rana Lilian ta kawo abinci, tuwon masara. Baba ya tambaya me ya sa kullum masara, ina dawa. Ta yi ta kame-kame, daga baya ta faɗi gaskiya. Tun ranar da ya faɗi ba a buɗe rumbu ba. Masarar gayaunarta gidan ke ci, ita ma ta kusa ƙarewa. Yaya Job ya ce ba zai hau rumbun Baba ba alhali Baba yana da rai, kuma ya kasa ko tambaya, don kada ya zama kamar yana yi masa fatan mutuwa. Rumbu cike da dawa, mutum goma sha ɗaya suna neman kwana da yunwa a gindinsa. Baba ya ture kwanon, ya juya fuska bango. Lilian ta ɗauki kwanon ta tafi.

Sai da yamma ya kira ni. "Rahab, in na mutu a gadon nan, yaya gidan can zai yi?"

Da a ce shekara goma baya ne, da na ce masa ai na gaya maka. Ranar kam tausayinsa ya hana ni.

Da aka sallame shi, Lahadin farko bayan sujada ya sa aka kira fasto da dattawan ikilisiya biyu. A gabansu ya ce daga yau gandu na hannun Job, gona da shanu da rumbu, shi ya sauka. Aka yi addu'a, Yaya Job ya yi kuka, mata suka yi guɗa. Washegari da sassafe Yaya Job ya zo ya durƙusa gaban kujera ya ce, "Baba, yau ina muka nufa?" Baba kuwa kafin ya ankara har ya gama rarraba aikin yini guda. Na yi dariya har da riƙe ciki da Lilian ta ba ni labari. Na ce masa, "Baba, wannan irin sauka taka, ai ko mai hawa bai kai ka zama daram ba." Ya harare ni, amma bai kore ni ba.

Daminar nan gaba ɗaya haka ta tafi. Ya yi niyyar shiru, bakin ya ƙi. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ba da amsa, ba a rana ɗaya zai daina ba. Ya ce mini, "Maganar tasowa take tun daga ciki har maƙogwaro, kamar amai. In na haɗiye sai in ji zazzaɓi." Daga baya ya samo dabara. Duk abin da Yaya Job ya tambaya sai ya ce, "Yadda ka gani." In ya ji ba zai iya daurewa ba, sai ya ɗauki sandarsa tun kafin Job ya fito, ya ɗingisa zuwa gindin ɗorawar da ke gefen coci ya zauna har rana ta ɗaga.

Yaya Job bai ɗauki abin da sauƙi ba. Ya same ni har makaranta, ido ya yi ja, yana tambayata laifin da ya yi wa Baba da ya daina yi masa magana. Na yi masa bayani ta kowace hanya, ya dai gyaɗa kai. Yakan yini yana jujjuya abu ƙarami, ya tambayi Lilian, ya tambayi maƙwabci, ya dawo ya sake gwada Baba ko za a dace. Na ji zafin ganin haka ƙwarai. Mutum ne da ya san noma ciki da waje, hannunsa ya sani, idonsa ya sani, amma bai taɓa yarda cewa ya sani ba.

A wannan tsakanin ne Baba ya zama wani mutum na uku, ba mai ganga ba, ba kuma mai tsawa ba. Da bakin ya rage aiki sai kunne ya buɗe. Ya fara yin tambaya. Ya tambaye ni yara nawa ne a ajina, da yadda nake yi da wanda ba ya ganewa. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, bai taɓa tambaya ba. Ya tambayi Lilian ko mutanen gidansu suna lafiya, har ta tsorata ta ɗauka wani abu ya faru. Wata rana ya ce mini, "Innarku ta taɓa cewa ta yi nadamar aurena?" Na ce ba ta taɓa ba, ta dai ce kana da wuyar zama. Ya ce ta yi adalci. Wata ranar kuma, ba tare da wani dalili ba, ya ce, "In mutum ba ya noma, ba ya ba da umarni, to mene ne amfaninsa a gida? Ci da kwanciya?" Na ce jikoki suna son rakensa. Bai yi dariya ba.

Bara, ƙarshen watan Afrilu, ina gida hutu, aka yi wani ruwa mai ƙarfi da la'asar bayan zafin bazara ya gallabi kowa. Ƙasa ta yi ƙamshi, unguwa ta ɗauki murna. Da safe na ga Baba ya dogara sandarsa ya zaga bayan gida. Da ƙyar ya sunkuya, ya tura hannu cikin ƙasa, ya daɗe. Ya dawo ya wanke hannun ya zauna a kujerarsa. Bai jima ba Yaya Job ya fito ya durƙusa.

"Baba, ruwan jiya ya yi kyau. Ina ganin mu shuka masarar gonar tudu yau."

Kunnena ya tsaya a kan "ina ganin". Tun da nake ban taɓa jin ta daga bakinsa a gaban Baba ba. Baba ya dube shi, ya dubi ƙasa.

"Yadda ka gani," in ji shi.

Yaya Job ya tashi da sauri kamar wanda ke tsoron a janye maganar. Da ya ɓace na matsa kusa.

"Baba, ruwan ya kai shuka?"

"Bai kai ba. Danshin bai wuce tafin hannu ba, ƙarƙashi busasshe ne ƙayau. Ruwan yaudara ne. Za ta tsiro, rana ta kashe ta."

"To ka kira shi mana! Bari in bi shi."

"Kul! Zauna."

"Iri ne fa, Baba. Gona guda. Ga wahalar mutane."

"Na san iri ne. Ni na zaɓe shi da hannuna shekara da shekaru. Na ce ki zauna."

Ku ji fa, ni da na yi rabin rayuwata ina faɗa a kan ya rufe baki, yau ni ce nake roƙonsa ya buɗe. Ranar ko kunu bai sha ba. Da ya hango su can nesa suna saran shuka, sai ya ce in juya masa kujerar ta kalli cikin gida.

Masara ta tsiro kore shar, gwanin sha'awa. Sama kuwa ta ɗauke kamar an share ta. Kwana goma, sha biyar, sha takwas. Ganyen ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Ba gonarmu kaɗai ba, har da maƙwabta uku da suka ga gidan Toma sun fita suka bi. Da ban yi surutu ba da maganar ta tsaya nan, amma bakina bai taɓa barina lafiya ba. Na gaya wa Lilian cewa Baba ya sani tun ranar, ita kuma ta gaya wa mijinta.

Ran Asabar na zo, da rana tsaka, muna zaune da Baba a zaure, Yaya Job ya shigo. Bai durƙusa ba. A tsaye ya yi magana, muryarsa har waje.

"Baba, ashe ka sani? Ka tura hannu ka ji, ka bar ni na zuba iri a wuta? Ina cikin mutane suna nuna ni, wai ɗan Toma bai san ruwan shuka ba! Me na yi maka? Shekara nawa ina bin ka, ko sau ɗaya na taɓa ƙetare maganarka?"

"Ba ka taɓa ba."

"To don me?"

Baba ya ɗago ya dube shi sosai. "Wannan kuskuren da ka yi, na ɗan shekara talatin ne. Kowane manomi yana yin sa sau ɗaya, daga nan ba ya ƙarawa. Kai sai yanzu ka samu yin naka, kana da hamsin da biyu, don ni na tare maka hanya. Na ci maka shekara ashirin, Job. Masara za a sake shukawa. Shekarun kuwa ban san inda zan samo su in maido maka ba. Ka yi haƙuri."

Ban taɓa jin Baba ya ba wani mahaluƙi haƙuri ba, ko Inna. Yaya Job ya tsaya yana numfashi. Sai ya juya ya fita. Ni dai kuka na yi, ba na ɓoyewa. Kwanakin da suka biyo baya, Lilian ta ce gaisuwa kawai ke haɗa su.

Ruwan gaske ya sauka ranar wata Juma'a a ƙarshen Mayu, tun azahar har magariba, na zo ƙarshen mako ke nan. Washegari da sassafe na tarar Baba ya riga kowa tashi. Ya sa hula, ya sa an fito masa da kujera ƙofar zaure, ya zauna ya gyara riga. Bai zaga bayan gida ba, amma na ga yana ta kallon ƙofar sashen Yaya Job.

Can Yaya Job ya fito da sungumi a kafaɗa, gwiwar wandonsa da hannunsa na dama duk jar laka har wuyan hannu. Lilian na biye da ƙwaryar iri a ka. Ya ajiye sungumin, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? Yaya ƙugun, da sanyin nan?"

"Da sauƙi. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. To, sai mun dawo."

Ya ɗauki sungumi ya wuce. Baba ya bi su da ido har suka sha kwanar coci. Bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda ya shirya amsa.

"Bai tambaye ni ba," in ji shi.

"Ba abin da kake so ke nan ba, Baba?"

"Shi ne." Ya daɗe yana kallon hanyar da ba kowa. "Ban dai san zai yi zafi haka ba. Kama ni in tashi, ɗiyata, ki kai ni ciki."